Madugun Takarda: Tarihin Littattafan Jagora na Matafiya Masu Ƙaramin Guzuri

Gabatarwa

Duk mutumin da ya yi niyyar barin ƙasarsu shi kaɗai, da 'yar jakarsa goye a baya, kuɗin aljihunsa kuma ƙidayayyu, akwai tambayoyi huɗu da za su hana shi barci: wace hanya zan bi, ina zan kwana, me zan ci, nawa kuma za a ce in biya? Wanda ke cikin ayari yana da na tambaya. Mai hali kuwa kuɗinsa ne ke yi masa tambayar. Amma ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ya fita shi kaɗai, irin amsar da ya samu ita za ta sa ya komo gida da labari mai daɗi, ko kuwa ya maƙale a tashar wani gari guzuri ya ƙare.

Domin irin wannan matafiyi ne aka ƙago wani nau'in littafi wanda za mu kira littafin jagora, watau littafin da ke ɗauke da hanyoyi da masaukai da farashi da taswirori na wata ƙasa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin tarihin waɗannan littattafai, musamman waɗanda aka yi domin masu ƙaramin guzuri. Abin da nake so in nuna shi ne, kowane ɗaya daga cikinsu an rubuta shi ne domin wani irin mutum, mai wani irin aljihu da wani irin fasfo, a cikin wata shekara takamaimiya. Wanda ya fahimci haka ya sami ma'aunin da zai zaɓi littafi da shi ranar da ya tsaya gaban kanta.

Kafin Zuwan Ɗab'i

Aikin da littafin jagora yake yi ya girmi littafin nesa ba kusa ba. A ayarin fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, aikin nan a kan mutane yake. Madugu ya san zanguna da mashaya da halin sarakunan hanya, jagaba yana gaba yana duba turba, uban dawaki kuwa shi ke tattara abin da za a biya a mashigai. In an sauka gari, fatoma ne zai ba da masauki ya haɗa baƙo da dillali. Ilimin hanya a ka yake, kuma ba a samunsa sai an bi wanda ya sani.

A wasu ƙasashe an fara zuba wannan ilimi a takarda tun da wuri. A ƙarni na 9, Ibn Khurradazbih, wanda ya riƙe aikin gidan waya a daular Abbasiyya, ya rubuta Kitabul Masalik wal Mamalik, inda ya jera zanguna da nisan da ke tsakaninsu. Aliyu al-Harawi, wanda ya rasu a Halab a 1215, ya tsara littafin wuraren ziyara na ƙasashen da ya zaga. A Turai kuma, cikin ƙarni na 12, an rubuta jagora domin Kiristoci masu zuwa ziyara Santiyago ta ƙasar Sifen a ƙasa, har da faɗa musu kogin da ruwansa ke shayuwa da wanda ba ya shayuwa, da kashedi game da masu fito da masu karɓar kuɗin hanya. To amma duk waɗannan rubutun hannu ne, kwafinsu kaɗan, ba abin da talaka zai saya ya jefa a jaka ba.

Murray da Baedeker

Littafin jagora irin wanda muka sani yau ɗan zamanin jirgin ruwa mai tururi ne da jirgin ƙasa. A 1836 John Murray na Landan ya fitar da littafinsa na farko domin Ingilishi masu zuwa Holan da Beljiyam da arewacin Jamus. A Jamus kuwa Karl Baedeker, wanda ya kafa kamfaninsa na ɗab'i a garin Koblenz a 1827, ya fara da littafin tafiya a kogin Rayin, daga nan ya bazu zuwa sauran ƙasashe. Littattafan duka biyu jan bango gare su, girmansu kuma daidai aljihun kwat.

Baedeker ya yi suna wajen ƙididdiga. Ana ba da labarin cewa an taɓa ganinsa yana hawan matakalar babban cocin Milan, duk taki 20 sai ya ɗauki ƙwayar wake daga wannan aljihu ya jefa a wancan, don kada lissafi ya kuɓuce masa. Shi ne kuma ya shahara da sa alamar tauraro a gefen wurin da ya ga ya cancanci a gani. Manufarsa ita ce matafiyi ya tsaya da ƙafarsa, ya huta da 'yan rakiya da 'yan kamasho masu tsawwala kuɗi. Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a lura da shi tun daga nan: littattafan Baedeker ba su karɓar tallar masu otel, alhali na Murray suna da sashen talla a ƙarshensu. Tambayar wa ke biyan marubuci ta faro ke nan tun a ƙarni na 19.

Sai dai matafiyin da mutanen nan biyu ke yi wa magana mai rufin asiri ne. Yana da akwatuna, yana da lokaci, yana iya ɗaukar tafinta. Da kamfanin Baedeker ya fitar da littattafansa na Masar da Falasɗinu a shekarun 1870, an cika su da shawarar yadda Bature zai ɗauki mai rakiya, da nawa zai ba da na goro. Mutanen ƙasar kuwa sun fi fitowa a matsayin masu hidima ko abin kallo.

Malamin Makaranta, Soja da Ɗalibai

Kafin a sami littafin mai ƙaramin guzuri, sai da aka sami wurin kwanansa. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, wanda ya saba fita yawo da ɗalibansa, shi ya kawo shawarar a tanadi masaukai masu araha domin yara da matasa. An kafa na dindindin na farko a tsohuwar fadar Altena a 1912, kuma zuwa 1932 har an kafa ƙungiyar masaukan matasa ta ƙasa da ƙasa. Tsarin mai sauƙi ne: ɗaki ɗaya gadaje da yawa, kowa ya dafa abincinsa, kowa ya taya shara.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dalar Amurka ta yi ƙarfi ƙwarai a Turai. Wani matashin lauya mai suna Arthur Frommer, wanda aikin soja ya kai shi Jamus, ya lura cewa abokan aikinsa suna zaune a bariki ranar hutu don suna zaton yawo sai attajiri. A 1955 ya buga musu ɗan littafin jagora, a 1957 kuma ya fitar da Europe on 5 Dollars a Day, watau zaga Turai da dala 5 a rana. Shawarwarinsa ba su da wuya: a kwana a ƙananan masaukai ko da banɗaki na haɗaka ne, a ci abinci inda 'yan gari ke ci, a hau motar haya da jirgin ƙasa. Sunan littafin kansa ya zama ma'aunin tsadar rayuwa, domin adadin ya yi ta hawa daga bugu zuwa bugu, har a 2007 ya kai dala 95.

A 1960 kuma ɗaliban Jami'ar Harvard suka gurza 'yan shafuka domin 'yan uwansu masu zuwa Turai hutu. Wannan shi ne asalin jerin littattafan Let's Go, wanda ɗalibai suka ci gaba da rubutawa fiye da shekara 50. Kowace shekara a lokacin dogon hutu sai a tura wasunsu da ɗan guzuri su zaga su kawo sabon bayani. Da aka fito da tikitin Interrail a 1972, wanda ya ba matasa damar zaga ƙasashen Turai 21 a jirgin ƙasa tsawon wata guda, sai masu karanta irin waɗannan littattafai suka ƙara yawa.

Hanyar Indiya

Inda littafin mai jakar goyo ya sami kamanninsa na sosai shi ne kan hanyar ƙasa daga Turai zuwa Indiya. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa ƙarshen na 1970, dubban matasan Turai da Amurka da Ostireliya sun bi wannan hanya a bas da jirgin ƙasa da tsofaffin motoci, wasu kuma suna tsayawa bakin titi a rage musu hanya. Da yawansu irin waɗanda ake kira 'yan hipi ne, masu dogon gashi da suka juya wa rayuwar iyayensu baya. Wasu addinan Indiya suka kai su, wasu son ganin duniya, wasu kuwa, gaskiya ɗaya ce, arahar wiwi. Hanyar takan tashi daga Istambul ta bi Tehran da Mashhad, ta shiga Afganistan ta Herat da Kandahar da Kabul, ta gangara mashigin Khaibar zuwa Feshawar da Lahor, sannan Delhi. Daga nan wasu su nufi Gowa a bakin teku, wasu su hau Katmandu ta ƙasar Nefal.

Da farko labarin hanya a baka yake yawo. A Istambul akwai wani gidan abinci da ake kira Pudding Shop, inda aka kafa allo matafiya suna manna 'yan takardu: wane na neman abokin tafiya, wane na da gurbi a motarsa, wane ya bar wa wane saƙo. Mai dawowa daga gabas ya gaya wa mai tafiya abin da ya gani, tamkar dai yadda fatake ke yi a zango.

A 1970 wata ƙungiyar taimakon matasa ta Landan mai suna BIT ta fara tattara wannan labari a takarda. Shafuka ne da aka gurza da irin injin da makarantu suka riƙa gurza takardun jarrabawa da shi, aka ɗinke su da 'yar waya. Ƙarfin wannan jagora shi ne wasiƙu. Matafiyi zai rubuto daga Kabul cewa masauki kaza ya lalace, ko kan iyaka kaza na rufewa da la'asar, sai a gyara a gurzawa ta gaba. Daga 1972 Geoff Crowther ne ya riƙa kula da aikin.

A wannan shekara ta 1972 ne wasu sababbin ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka tashi daga Landan a wata tsohuwar 'yar mota. Sun sayar da ita a Afganistan, suka ci gaba a bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa, har suka isa Sidni ta Ostireliya ba su da komai sai santi 27. Tambayoyin da mutane suka dame su da su ne suka sa suka zauna a teburin ɗakin girkinsu suka rubuta Across Asia on the Cheap, watau ratsa Asiya a arha, wanda ya fito a 1973. Bai kai shafi 100 ba, kwafi 1,500 na bugun farko kuma suka ƙare nan da nan. A 1975 suka fitar da na kudu maso gabashin Asiya, mai ruwan ɗorawar bango. Kamfanin Lonely Planet ke nan ya kafu.

Ba su kaɗai ba ne. A Faransa Philippe Gloaguen da abokinsa sun fitar da Guide du Routard a 1973. Hilary da George Bradt sun rubuta nasu na tafiyar ƙasa a Feru da Bolibiya a 1974. A 1982 Mark Ellingham ya fitar da Rough Guide na ƙasar Girka, don yana ganin littattafan araha sun cika zancen farashi sun bar tarihi da siyasa da al'ada. Abin da ya haɗa su duka shi ne, matasa ne da suka bi hanyar da ƙafarsu, suka rubuta wa ire-irensu.

Hanyar Indiya ba ta yi tsawon rai ba. An yi juyin mulki a Afganistan a watan Afrilu 1978, juyin juya halin Iran ya biyo baya a farkon 1979, sojojin Tarayyar Sobiyat suka shiga Afganistan a watan Disamba na shekarar, a 1980 kuma yaƙi ya ɓarke tsakanin Iran da Iraƙi. Cikin shekara biyu, shafukan da aka yi shekaru ana gyarawa suka zama labarin da. Matasan suka koma hawan jirgin sama kai tsaye zuwa Delhi ko Bankok, kamfanonin littattafai kuma suka koma yin littafi guda domin ƙasa guda. Na Indiya da Lonely Planet ya fitar a 1981 shi ne ya mayar da shi babban kamfani.

Matafiya Biyu a Kano

Wannan tarihi ya ratso ta ƙofar gidanmu. A 1977 Lonely Planet ya buga Africa on the Cheap, wanda Geoff Crowther ɗin nan ya rubuta. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da masu ratsa Afirka ke bi a lokacin ita ce wadda ta taso daga Aljeriya ta bi Tamanrasat, ta ƙetare Sahara zuwa Arlit da Agadas, ta gangaro Damagaram, ta shigo Kano. Wasu a bayan manyan motocin kaya suke zuwa, wasu kuma su tuƙo tsohuwar Fijo daga Turai su sayar a Nijar ko maƙwabtanta, su sami kuɗin komawa. A hannunsu akwai littafin jagora da taswirar Michelin ta arewaci da yammacin Afirka. Wannan hanya ma ta mutu a farkon shekarun 1990, sakamakon rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa a Nijar.

Amma Kano ta daɗe da sanin wani matafiyin mai ƙaramin guzuri tun kafin Bature ya goyo jaka, watau mai zuwa Makka a ƙasa. Shi gabas yake nufa: Barno, Fotlami wadda yanzu ake kira Njamena, Wadai, Darfur, El Obeid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Fot Sudan. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin in guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi ƙwadago, da yawa a gonakin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925. Littafin da ke jakarsa na ibada ne. Labarin hanya kuwa a wurin 'yan uwa yake samunsa, a unguwannin Hausawa da Fulani da Barebari da ke jere a kan hanyar, irin su garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903.

In aka ɗora matafiyan nan biyu a sikeli, za a ga abin da littafin jagora ya maye gurbinsa. Alhajin ƙasa yana da mutane a kowane zango, saboda haka bai matsu da takarda ba. Baturen ba shi da kowa, sai takarda ta zame masa madugu da fatoma gaba ɗaya. Ɗalibinmu na yau da zai tafi ƙasar da ba shi da ɗan uwa ko ɗaya, halinsa ya fi kusa da na Baturen. Sai dai littafin da zai saya ba da shi a zuci aka rubuta ba.

Domin Wa Aka Rubuta?

Babu misalin da ya fi fito da wannan batu fili kamar na baƙaƙen Amurka. A zamanin wariyar launin fata, baƙar fata mai mota zai iya yin tafiyar yini guda bai sami otel ko gidan abinci ko gidan mai da zai karɓe shi ba, alhali jagororin da ke kasuwa cike suke da sunayen irin waɗannan wurare. Saboda haka a 1936 wani ma'aikacin gidan waya na unguwar Harlem ta Niyok, Victor Hugo Green, ya fara buga littafin da aka fi sani da Green Book, mai jera wuraren da baƙi za su sauka ba tare da wulaƙanci ba. An ci gaba da buga shi har 1966, shekara biyu bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. Hanya ɗaya ce, gari ɗaya, amma littafi biyu ake bukata, don matafiyan ba ɗaya ba ne.

Haka abin yake ga mai fasfon Nijeriya ko Nijar ko Ghana. Sashen biza na yawancin jagororin Turanci yakan yi bayani ne a kan 'yan Ingila da Amurka da Kanada da Ostireliya da ƙasashen Turai. Inda littafi ya ce a kan iyaka ake buga biza, mai yiwuwa ɗan Afirka sai ya nema tun daga gida, da takardar banki da shaidar masauki da tikitin dawowa. Dabarar nan ta isa gari sannan a nemi wurin kwana, wadda ita ce ginshiƙin tafiyar masu jakar goyo, tana iya sa a mayar da mutum daga filin jirgi. Har wa yau abin da marubuci ya kira araha, da kuɗin ƙasarsu ya auna. Kuma littafin da ya ba da shafuka ga mashaya, ba lalle ne ya faɗi inda masallaci yake ko inda ake samun naman halal ba.

Littafi na Tsufa, Yana Kuma Sauya Gari

Aibi na biyu shi ne tsufa. Tsakanin ranar da marubuci ya kwana a masauki da ranar da littafi ya iso kanti, sau da yawa akan yi kusan shekara, sannan bugun ya zauna a kasuwa wasu shekarun. A watan Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, farankin Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk lissafin da ke cikin littattafan da aka buga kafin ranar ya rushe. A 2002 kuɗin yuro ya maye gurbin faranki da maki da lira. A 2011 Sudan ta rabu biyu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, amma littafin da aka buga kafin 2025 zai lissafa Nijar da Mali da Burkina Faso cikin ƙungiyar, alhali sun fice a watan Janairu na wannan shekarar.

Na uku kuwa ya fi ban mamaki: littafin yakan sauya wurin da ya siffanta. Da zarar an yabi wani ɗan masauki cewa shiru gare shi ga araha, sai dubban masu riƙe da littafi ɗaya su nufe shi, shirun ya tafi, arahar ta bi shi. Titin Khao San na Bankok, wanda sunansa ke nufin shinkafar da aka cashe don a da kasuwar shinkafa ce, ya fara karɓar masu jakar goyo a gidajen mutane wajen farkon shekarun 1980, ya rikiɗe ya zama unguwar masaukai da shagunan tikiti. A kudu maso gabashin Asiya har laƙabi aka yi wa jerin garuruwan da suke bi, ana kiransa hanyar fanken ayaba, saboda abincin da masu masaukai suka koyi soya musu. Wanda ya bar gida don ya ga baƙin mutane sai ya tarar da ire-irensa a kowane zango.

Su ma kamfanonin sun sauya. Lonely Planet da ya faro a teburin ɗakin girki ya buga kwafi na miliyan 100 a 2010. Sashen kasuwanci na BBC ya sayi kashi 75 cikin 100 nasa a 2007, ya cike sauran a 2011, ya sayar a 2013, a 2020 kuma kamfanin ya sake sauya hannu. Da masu karatun farko suka manyanta suka yi kuɗi, sai littattafan suka bi su, manyan otel suka sami shiga. Zuwan intanet da taswirar wayar hannu kuma ya ƙwace wa littafi aikin faɗin farashin yau da lokacin tashin mota. Abin da ya rage masa shi ne tsari, da tarihin wuri, da hukuncin mutum guda sananne wanda za a iya kama sunansa in ya yi ƙarya, ga shi kuma ba ya bukatar caji.

Kammalawa

Daga wannan tarihi mai zaɓen littafi zai iya tsamo 'yan ƙa'idoji. Da farko ya buɗe shafin da ke bayan sunan littafi ya ga shekarar bugu, ya ɗauka cewa bayanin ya girmi wannan shekara, ya ƙara wani abu a kan kowane farashi. Na biyu ya duba sashen masaukai na gari guda: in da gadon haɗaka da ƙananan masaukai aka fara, an kuma faɗi lambar bas daga tasha, to da shi ake magana, in kuwa hotuna sun fi taswira yawa, littafin mai hali ne. Na uku ya karanta abin da aka faɗa game da marubucin, ko ya zauna a ƙasar, ko yana jin harshenta, ko littafin na ɗauke da talla. Na huɗu ya auna faɗin tafiyarsa, domin littafin nahiya guda nauyi gare shi kuma bayaninsa a taƙaice yake, na ƙasa guda ya fi zurfi. Ƙasashen da manyan kamfanoni ba su damu da su ba, sau da yawa ƙananan ne ke rubuta su, kamar yadda Bradt ya fitar da na Nijeriya a 2005 da na Nijar a 2006. Akwai ma wata jarrabawa mai sauƙi: ya nemi littafin da kamfanin ya yi a kan yankinmu, ya karanta abin da aka ce game da garin da ya sani ciki da bai. Yadda suka yi wa garinsa adalci, haka za su yi wa na wasu. Zancen biza da katin rigakafin shawara kuwa, ofishin jakadancin ƙasar ne kaɗai abin dogara. In ya isa, ya tuna da ɗan gari akan ci gari, ya rufe littafin lokaci lokaci ya tambayi mutane.

Saura magana ɗaya ga 'yan wannan ƙungiya tamu. Hausawa suna zuwa Alƙahira da Istambul da Delhi da Dubai da Gwanju karatu da fatauci da neman magani, kuma ilimin waɗannan hanyoyi yawancinsa a baka yake yawo, daga wanda ya dawo zuwa wanda zai tafi. Let's Go da jagorar BIT ba da wani jari suka fara ba, ɗalibai ne da matasa da injin gurza takarda da wasiƙun matafiya. Victor Green ma'aikacin gidan waya ne da ya ga littattafan kasuwa ba su san da mutanensa ba. A cikinmu akwai waɗanda suka yi karatu a waje, akwai malaman da suka zaga ƙasashe. In kowannensu ya rubuta shafi biyar da Hausa a kan gari guda, ya faɗi yadda ya sami biza, inda ya kwana, abin da ya ci, nawa ya biya, ya kuma sa wata da shekara a sama, to mun aza harsashin littafin da aka rubuta domin matafiyinmu. Allah ya ba mu ikon yi.